Taƙi Ɗaya Daga Bakin Inna

Uwata ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, kuma ban yafe wa wannan al'ada ba. Ni ce 'yar farinta. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta yarda a kama ta tana kallonsa. Kunya ake kiran abin, har yabon mai ita ake yi. Na sha jin mata suna cewa duk ƙauyenmu ba wadda ta kai Inna kunyar 'yar fari, suna faɗa suna gyaɗa kai kamar wadda ta yi sauka. Ni da aka yi wa kunyar, ba wanda ya taɓa tambayata yadda take a jiki.

Ƙauyenmu yana bayan Garo, a ƙasar Kabo. Da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidanta da namu. Saboda haka na san muryar Inna sarai, amma ta kan katanga na san ta. Mai kitso ce, ita take yi wa rabin matan garin. Daga hantsi zuwa la'asar akwai kan wata a cinyarta, bakinta kuma ba ya hutawa. Murya ce mai kauri, irin wadda in ta yi dariya sai kaji su watse. Tana faɗa, tana tsokana, tana ba da labarin wanda ya sayi jaki makaho a kasuwa. Ina leƙowa ƙofar gida, sai shiru, kamar an zare wa rediyo batir. In tana son in yi wani abu, sai ta dubi turmi ko akuya ta ce, "A ce wa yarinyar nan ta ɗebo ruwa." Da na yi aure a Gwarzo sai na zama "ta Gwarzo". Kaina kuwa ba ta taɓa taɓa shi ba. Kakata ce take yi mini kitso, da ta rasu sai maƙwabta.

Ban shiga makaranta ba sai da furfura ta fara fito mini. Ajin yaƙi da jahilci ne na mata, a nan Gwarzo, bayan azahar. Malamarmu 'yar cikina ce a shekaru, Mama take ce mini. Tana da wata 'yar rikoda baƙa, ba ta fi tsawon yatsa biyu a haɗe ba, tana ɗaukar darasi da ita saboda matan da haihuwa ko biki ya hana su zuwa. A ciki na fara jin muryata ina haɗa baƙi, na ce wace ce wannan mai masifa. Ajin duka suka ce ai ke ce.

A shekarar ne muryar Inna ta fara dishewa. Aka ce mura ce. Aka ba ta zuma da citta da kanumfari, aka yi rubutu ta sha, ba ta washe ba. Ƙanwata, autarmu, wadda take zaune da ita tun da mijinta ya rasu, ta kai ta asibiti a Kano. Suka ce wani abu ne ya tsiro a maƙogwaro, kuma a shekarunta ba za su yi mata aiki ba. Auta ta kira ni ta faɗa mini yadda likita ya faɗa: murya ce za ta fara tafiya, sauran ya biyo baya.

Ban yi kuka ba. Abin da ya zo mini shi ne, matar nan za ta mutu, kuma duk abin da zan rage da shi na muryarta, abin da na tsinta ne a kan katanga. Na gwada da wayata, 'yar ƙarama mai madannai, sai na ji kamar mutum yana magana daga cikin rijiya. Sai na je wurin Malama na ce ta ara mini rikodarta.

Ba ta yi musu ba, amma ta zaunar da ni bayan an tashi.

"Mama, abin nan ba shi da hankali," ta ce. "Ke kunnenki yana zaɓar muryar da yake so ko a tsakiyar kasuwa. Shi kuwa duk abin da ya fi kusa da shi, shi yake ɗauka. In zakara ya fi Inna kusa, zakara za ki kawo mini."

"To yaya zan yi?"

"Taƙi ɗaya daga bakinta." Ta buɗe hannunta daga babban yatsa zuwa na tsakiya. "Kada ki saita shi daidai inda numfashi yake fita, ki ɗan kauce gefe. In kin riƙe, ki riƙe shiru, ban da murza shi da yatsu, don duk motsin hannunki ƙara ne a ciki. In ajiyewa za ki yi, ki ninke zane ki ɗora a kai. Kuma a ɗaki, Mama, ba a tsakar gida ba. Ɗaki mai labule da katifa."

Ta nuna mini jan madannin da ake dannawa, da 'yan sandunan da suke tsalle a fuskar rikodar in ana magana. Ta ce in sun kwanta, murya ta yi nisa, in sun bugi sama, ta fashe. Ta ba ni ɗan soso da ake sa wa kanta saboda iska, da wayar da ake saƙalawa a kunne.

Na ce, "Malama, taƙi ɗaya kika ce? Rabona da kusantar bakin Inna taƙi ɗaya tun ina shan nono."

Ta yi dariya. Da ta ga ban yi ba, ta daina.

Zuwana na farko, na yi abin da aka hana ni, don ba ni da wata hanya. Na tsaya a bakin zaure inda Inna ba ta ganina, ita tana gindin bango tana hira da Auta. Na miƙa hannu na danna ja. Na tsaya har hannuna ya yi tsami. Da na koma gefe na saƙala waya a kunne, na ji zabi, na ji taɓaryar maƙwabta, na ji injin markaɗe na bayan layi kamar a cikin kaina yake. Inna tana can ƙarƙashin duk wannan, ana jin ana magana, ba a jin abin da ake cewa. Daidai da katangar kakata, sai dai wannan ta shiga aljihu.

Sai na ba Auta. Ita ce 'yar lelen, ita take zama har gwiwarsu tana haɗuwa. Na yi mata bayanin taƙi, na yi mata bayanin riƙo, tana cewa to, to, tana tauna gyaɗa. Ta je ta cusa rikodar a cikin hijabinta, a ƙirji, wai kada Inna ta gani ta yi shiru. Abin da ya fito, shafar yadi ne, fuu, fuu, kamar ana sharar tsakar gida a kunnena, sai dariyar Auta da ta kai sandunan nan har sama, sai kukan cikinta.

"Yaya, ai kin samu tawa a kyauta," ta ce da na sa mata a kunne.

"Muryar taki da ta ishe ni tun kina goye? Ke ko rikoda ba za ki bari ta ji wani ba."

"To ki je ki ɗauka da kanki mana, 'yar boko."

Ta san ba zan iya ba, shi ya sa ta faɗa.

Na ga ɓoye-ɓoye ba zai kai ni ko'ina ba, na ce Auta ta gaya mata gaskiya. Ina tsaye a bayan labule ina ji. Inna ta ja mayafi ta rufe bakinta, na gane daga yadda maganar ta toshe.

"Me za a yi da muryar tsohuwa a cikin ƙarfe?"

"Ta Gwarzo ce take so, Inna."

Inna ta ce, "Karatun tsufa ya kai mutane nan." Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, kuma a wurin Inna wannan yarda ce.

Ranar na yi aiki kamar mai shirya ɗakin amarya. Na je na roƙi mai injin markaɗe ya dakata zuwa azahar, ya dube ni kamar mahaukaciya amma ya kashe. Na kora zabi waje. Na rufe taga, na rataye bargo a ƙofa. Agogon bango na cire shi na kai madafa. Jeren kwanukan Inna na lura suna amsa kuwwa in an yi magana da ƙarfi, na yafa musu zane. Na jawo kujera 'yar tsugunno kusa da inda take jingina, na ɗora matashi, na ninke zane a kai, na auna da hannuna tun ba ta shigo ba. Na gwada da muryata, sanduna suka tsaya a tsakiya yadda Malama ta ce. Ban taɓa jin sauti mai tsabta haka ba, har haɗiyar yawuna ana ji. Abu ɗaya ya rage da zai hana ta magana a ɗakin, shi ne ni. Na danna ja, na fita, na tafi can gindin darbejiyar ƙofar gida na zauna.

Daga nan ina jiyo su sama-sama. Hirar ta yi daɗi ranar. Har dariya Inna ta yi, dishi-dishi amma tata ce, irin mai watsa kaji. Na ce a raina, na samu.

Da suka gama na shiga, ban ga rikoda a kan matashi ba. Auta ta nuna mini wata langa a saman jere, ta ɗaga murfi. Ga ta nan a ciki, an naɗe ta da ɗankwali, jan wutarta tana ci.

"Wa ya sa ta a nan?"

"Inna. Tana shigowa ta ɗauke."

"Ke kuma kina kallo?"

"Yaya, ni zan yi musu da ita? Kuma na ɗauka abin Bature ne, zai ji ta cikin kwano."

Na koma gindin darbejiya na saurara. Da farko takun ƙafa. Sai numfashinta, kusa ƙwarai, har ban san lokacin da na ja kaina baya ba. Sai ƙarar hannu a jikin rikodar. Sai muryarta, ras, kamar a cikin kunnena aka yi ta:

"Kayan ta Gwarzo ne. Kada yara su taka mata."

Sai shafar yadi, sai murfi ya ce ƙwal. Daga nan har ƙarshe gunaguni ne kawai, kamar mutum ya nutse a kududdufi yana jin na waje. Na gane inda ta yi dariyar, don gunagunin ya tashi ya sauka. Dariyar da ta yi ta ƙarshe da sauti ke nan, kuma tana cikin langa.

Ban san yadda zan yi da wannan ba har yau. Adana mini kaya ta yi. Haka take yi mini komai tun ina yarinya: a aiko mini da ƙosai ta kan katanga ba a ce daga wa ba, a ɗinke mini zane a ce an tsinta a ɗinke. Kulawarta ce ta toshe muryar. Mutane za su ce to ai kin ga tana sonki. Ni ban taɓa shakkar haka ba. Ba shi na je nema ba.

Na kai wa Malama, ta sa a kwamfutarta ta yi ta jan wasu layuka. Ta rage gunagunin, ta ƙara ƙarfi, sai ya koma gunaguni mai ƙarfi. Ta cire wayar daga kunnenta ta ce, "Mama, hayaniya ana iya rage ta. Amma maganar ba ta shiga ba tun farko, babu inda zan ciro ta. Ki sake ɗauka."

Sake ɗauka. Damina ta kankama, ɗakin Inna rufin kwano ne, yayyafi kaɗan ya isa ya cinye komai. Ranar da ba ruwa, tana tari. Ranar da ba tari, ta ga rikoda ta kai hannu za ta adana, in Auta ta hana ta sai ta ja mayafi ta yi shiru, don ta san ina bayan ƙofa ina jira. Hanyar Gwarzo zuwa Garo na bi ta a kan babur har masu haya suka san ni, suna cewa Hajiya mai rediyo ta zo. Kafin a fara yankan gero murya ta tafi. Ta koma raɗa. In tana son Auta, cokali take bugawa a jikin gado.

Wata rana haƙurina ya ƙare. Na ɗaga labule na shiga ba tare da na aika kowa ba, na durƙusa a gabanta, na dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna, ni ce. Ba turmi ba ne, ba akuya ba ce. Ki yi mini magana ko da zagi ne."

Ta juya fuskarta bango. Hannunta ya laluba ya samo cokali, ta buga. Auta ta shigo da gudu, ta ja ni waje.

"Yaya, me kika yi haka? Mace tana wannan hali za ki tsiraita ta?"

"Ni na tsiraita ta? Shekara nawa ina tsaye a bayan labule kamar mai bara a gidan ubana?"

"Ba ke kaɗai ce 'yar fari a duniya ba."

"Shi ne abin takaicin."

Ban ba kowa haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. Amma ban samu komai ba, sai ma na ƙara nisa. Bayan wannan, ko takuna ta ji sai ta gyara mayafi. Malama kuma ta aiko cewa sabon aji ya fara, tana bukatar rikodarta. Na ce ta ƙara mini kwanaki, ba don ina da wata dabara ba.

Ana gobe zan mayar, na kwana a ƙauye. Da la'asar wata matar maƙwabta ta shigo da kanta a tsefe, ta ce biki gare su kuma ita ba ta yarda da hannun kowa ba. Auta ta ce Inna ba ta da lafiya. Inna ta buga cokali, ta yafito matar. Murya ce ta tafi, yatsun suna nan. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafa, matar ta kwantar da kai a cinyarta.

Ina can bakin madafa ina tsince wake, ina satar kallo. Inna ta sunkuya tana tsaga gashi da kibiya, leɓɓanta suna motsi. Ni ban ji komai ba. Amma matar tana ta ƙyalƙyala dariya, tana cewa, "Wallahi Inna ba haka ba ne," tana cewa, "To na daina motsi." Hira suke yi sosai, rabinta a bayyane, rabinta babu.

Da za ta fita na tare ta a zaure.

"Me take ce miki?"

"Faɗa mana, kin san Inna. Wai na bar kaina ya koma sheƙar ɓera, wai mijina haƙuri gare shi."

"Kina jinta?"

"Tsaf. Ai bakinta a kan kunnena yake."

Ta wuce. Na tsaya a zauren na buɗe hannuna, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, na kai shi gefen kaina. Daga kunnen wadda ake yi wa kitso zuwa bakin mai kitso, abin da Malama ta ce ne. Kuma wadda ake yi wa kitso ba ta kallon mai yi. Ƙeya take ba ta. Ba mai kitson da take gama kai ba ta ce juya ba, ko sunkuya, ko ke tsaya mana.

Ba na yaudarar kaina. Muryar da na sani ta kan katanga ta riga ta tafi, ba rikodar da za ta dawo da ita. Abin da ya rage iska ce mai siffar magana, wadda ko 'yan sandunan nan da ƙyar za ta ɗaga. Kuma na fi zaton ba za ta yi ba. Za ta janye cinyarta, ko ta laluba cokali ta kira Auta ta ce a zo a yi wa ta Gwarzo kitso. Matar da ta riƙe abu tun haihuwata ba za ta sake shi don na zo da kaina a tsefe ba. In haka ta faru, abin da zan mayar wa Malama rikodarta da shi jimla biyu ne, a kan kaya da yara, kuma ba da ni aka yi su ba.

Da safe na jira mai injin ya tafi gona. Na sa sabon batir. Na zauna a bayan ɗaki na tsefe kaina tas, furfurar duk ta tashi. Na ɗauki kibiyarta da mataji da man kaɗanya daga inda take ajiyewa. Na sa wa rikodar sosonta, na danna ja, na ga wuta ta kama. Inna tana kan tabarma a ƙofar ɗaki tana shan hantsi, ƙafafunta a miƙe. Ban aika Auta ba. Na ajiye kayan kitson a gefen hannunta na dama, na ɗauke cokalin na tura shi ƙarƙashin tabarma. Na juya mata baya, na zame ɗankwalina, na kwantar da kaina a cinyarta, na riƙe rikodar a jikin kunnena ba motsi.